Bulon da Na Jiƙa

Tarauni, Kano.
12 ga Agusta.

Aminina Lawrence,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya hanya, ya ƙarin haƙuri? Ya jikin matarka, Madam Chinelo? Allah ya ba ku dangana. 'Yata Zahra'u kullum sai ta tambayi ranar da ƙawarta Chidiogo za ta dawo, na kasa gaya mata binne ta kuka je yi a Enugu.

Saƙonka ya iso, wai in sake gina katangar gidanka na Gyadi-Gyadi, don ba ka yarda da kowa ba sai ni. A waya bakina ba zai iya ba, shi ya sa na rubuto.

Lawrence, ba ruwan sama ne ya kayar da katangar a kan 'yarka ba. Bulona ne.

Bulon kirki nauyi gare shi, don an cika masa siminti, an sa yashin rafi, an danne shi har ba sauran iska a ciki. Bara da siminti ya yi tsada, buhun da ya kamata ya fitar da talatin, sittin na riƙa fitarwa. Na haɗa da ƙasa, na rage dannawa. A ido girmansu ɗaya, amma cikinsa duk ƙofofi ne kamar soso. In ya bushe, da hannu ɗaya ake ɗaga shi.

Ranar da za ka zo saye, da sassafe na sa tiyo na jiƙa su sharkaf, ruwa ya cike ƙofofin. Ka ɗaga guda, ka yi nishi, ka yi dariya wai zan karya maka baya. Ni ma na taya ka dariyar, kaico! Na ce a raina ai katanga ce kawai, ba bene ba. Shekara ashirin muna cin abinci kwano ɗaya, ga abin da na saka maka da shi.

Ba zan gina ba. Ka kai ni duk inda ka ga dama, ina nan filin bulo, ba inda za ni.

Naka mai laifi,
Murtala.

Tarauni, Kano.
3 ga Oktoba.

Lawrence,

Ina gaisuwa, ko ba za ka amsa ba. Da fatan kana lafiya.

Direban da na aika ya rantse hannunka ya damƙa wa takardata. Mako bakwai ina jiran 'yan sanda, ko zagi, shiru.

Jiya Madam Chinelo ta zo kwashe kayanku, ta biyo har gidana. Sai ga ta ta durƙusa tana kuka, tana yi mini godiya don ni na tone ɓaraguzan da hannuna na ciro yarinyar. Ta ce kai ka hana ta tafiya sai ta zo ta gaishe ni. Nan na gane ba ka gaya mata komai ba. Na buɗe baki in faɗa, na tuna kai ka zaɓi rufewa, na haɗiye.

Ta ba Zahra'u jakar makarantar Chidiogo, jar nan mai zif ɗaya. Yau da safe Zahra'u ta goya ta tana tsalle, ta ce ni zan raka ta. Na bi ta a baya har bakin makaranta ina kallon jakar, gobe ma haka zan yi.

Don Allah, Lawrence, ka zage ni. Wannan ya fi ƙarfina.

Ni ne,
Murtala.