Ƙofar Firjin Ɗakin Bincike

Zuwa ga Yaya Zikrullahi,

Gaisuwa mai yawa. Ya mutanen Minna, ya jikin Inna? Ni ƙalau nake.

Horon binciken ƙwayoyin cuta da ya kawo mu Amurka, mu 'ya'yan talakawa, yana tafiya daidai. Sai dai jiya an tarar da firjin ɗakin bincike a buɗe, aikin sati shida na mutum tara ya lalace. Ni ce ta ƙarshe da ta fita daga ɗakin kafin hakan. Ba wanda ya zarge ni, amma yau ni kaɗai na ci abincin rana. Gobe Farfesa take son ganina.

Kada Inna ta ji, ta dai yi min addu'a. Na rufe ƙofar nan, Yaya. Ina jin na rufe.

Ƙanwarka,
Kafayatu