Ba Gajiya

Zuwa ga 'yata, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyuna sarakan ƙiriniya. Yaya aiki? Tarin da ke damun ƙaramin ya sake shi kuwa? Babanku yana gaishe ku.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya a hannu. Likita ne ya ce in riƙa rubuta abin da ke raina, ni kuwa ban iya rubutun da ba mai karantawa ba. Kuma a waya gaisuwa kawai muke yi mu ajiye.

Kin san uwarki. Shekara goma sha tara ina shugabar makarantar nan ban taɓa fashi ba, sai lokacin da na haifi autanmu, shi ma da ya san ya kamata da ya jira hutu. Makullai ashirin da uku ne a jakata, daga na get har na ɗakin da muke ajiye alli, kowanne hannuna ya san shi ba sai na duba ba. Shida da rabi nake buɗe makaranta. Malamai suna kirana Ƙararrawa a bayan idona, suna zaton ban sani ba. Na sani sarai, kuma sunan yana yi mini daɗi.

To, ran Litinin ta makon jiya Ƙararrawa ta ƙi kaɗawa. Babanku ya tsaya da ni a bakin get, na kasa fitowa daga mota. Ba ciwo, ba jiri, ƙafafuna lafiya lau, amma jikin ya ce ba inda za shi. Ina kallon yara sun taru suna leƙe, jakar makullai a kan cinyata. Sai da Mataimakiyata ta zo ta karɓi jakar ta buɗe musu. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Abin da na ɓoye miki shi ne, shekara biyu ke nan ina tashi da safe kamar ban kwanta ba. Wuyana da kafaɗuna kamar itace. In tsaya gaban yara ina magana, kalma ta gudu ta bar ni da baki buɗe. Sau uku ina zuwa asibiti, a auna jini, a auna sukari, a ce komai daidai, in dawo gida ina yi wa Babanku fariya.

Wannan karon shi ya raka ni har gaban likita. Muna zama likita ya ce mini ina gajiya, na ce ba gajiya. Sai Babanku ya buga hannu a cinya, ya ce likita ya ji irinta ko, matar da aka kusa ɗaukowa a hannu yanzun nan ita ce ke cewa ba gajiya. Likita ya buɗe katina ya nuna mana. Duk zuwan da na yi ya tambaye ni gajiya, duk sau ukun ya rubuta babu. Shi tambayata yake yi, ni kuwa gaisuwa nake amsawa! Mu ukun muka yi ta dariya, sai dai tawa ta ƙare da hawaye.

Ya ce tun da gwaji bai nuna wata cuta ba, abin da ya fi zargi shi ne ɗawainiyar da na daɗe ina ɗauka. Wai jikin mutum in ya ji matsi yakan ɗaura ɗamara, in matsin ya wuce ya kwance. Nawa ya ɗaura tun shekaru bai kwance ba, shi ya sa ko na yi barci ba ya kai mini.

Hukumar makaranta ta aiko mini da takarda mai ladabi ƙwarai. Sun ba ni zangon karatun nan, in jikin bai daidaita ba in yi ritaya. Uwata, makarantar da na tarar da aji huɗu na mayar da ita goma sha shida ba zan bar ta a cikin mota ba. Ranar da zan tafi da ƙafata zan tafi.

Ki shafa mini kan yara. Ki gaida maigida da kyau.

Taki,
Mama

Zuwa ga Uwata,

Sallama da gaisuwa irin ta uwa. Ina fata kowa na lafiya a gidan. Amsarki ta iso, na gode da faɗan da kika yi mini har shafi biyu. Ban san yaushe kika girma haka ba.

Kin tambayi maganin da aka ba ni. Ni ma ƙwaya na sa rai, in haɗiya in koma bakin aiki. Likita ya ce ba ƙwayar da za ta gyara wannan ita kaɗai, sai an taɓa ko'ina: barci, ci, motsa jiki, da abin da ke cin rai. Yanzu lokacin kwanciyata ɗaya ne kullum, wayata kuma a falo take kwana. Abinci a zaune nake ci, ba a tsaye ina sa hannu a takarda ba. Bayan la'asar mukan taka da Babanku zuwa ƙarshen layi mu dawo, yana gaba yana ba ni labarin da na ji sau ɗari. In na idar da salla ba na zabura, nakan zauna in ja numfashi a hankali har kafaɗuna su sauka. Ashe shekara da shekaru a kusa da kunnuwana suke zaune.

Kin san ni da bin doka, mako uku ban kuskure ko ɗaya ba. Sai ran wata Laraba na tashi garau. Likita ya gargaɗe ni cewa ranar da na ji ƙarfi ita ce ranar hatsari, kada in ƙarar da shi duka, amma ina! Na zaga aji goma sha shida, na duba littattafan malamai, na sa aka fito da benci-benci aka wanke, har na hau kujera na gyara agogon ofis da hannuna. Washegari ko kofin shayi ya fi ƙarfina. Kwana uku na yi ina kwance.

Ina kwance ina jiran waya ta yi ƙara a ce makaranta ta rikice. Shiru. Da na koma na tarar an yi jarrabawar tsakiyar zango, an tsara sakamako, famfon da ya lalace an gyara. Mataimakiyata ta miƙo mini jakar makullai da hannu biyu tana murmushi. Wallahi sai na ji haushi. Na shiga ofis na rufe ƙofa ina tunanin ashe ba a bukatata.

Ina zaune na jawo sakamakon na duba, ko zan sami kuskure in huce. Babu ko ɗaya. An ja layi ƙarƙashin sunan duk yaron da ya ja baya, an rubuta dalili a gefe, daidai yadda nake yi. Wa ya koya musu? Ni ce. Mataimakiyar nan tawa tana yarinya ta zo mini tana rawar murya gaban 'yan aji ɗaya, yau ta riƙe makaranta kwana uku ko gezau. Haushin ya tafi, kaina ya yi girma har ya kusa ƙin fita ta ƙofa.

Saura mako biyar shugaban hukuma ya zo ya gan ni da idonsa. Ki sa ni a addu'a.

Taki kullum,
Mama

Zuwa ga Uwata abin alfaharina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gidan duka. Ina fata 'yan biyu sun bar ki kin zauna kafin ki buɗe wannan, don labari ne da ni.

Shugaban hukuma ya zo ran Alhamis, dattijo mai kallon mutum ta saman tabarau. Muka taru a ɗakin malamai, kowa ya san abin da ya kawo shi. Na yi shiga ta kece raini. Ya zauna, ya gyara murya, ya ce Malama, ina gajiya.

Uwata, amsar tana bakin harshena. Kalma biyu ce, in faɗe ta in miƙe kafaɗa, kowa ya ga Ƙararrawa ta dawo. Na san kuma in na faɗi gaskiya wataƙila kujerar ta tafi. Mataimakiyata ta sunkuyar da kai. Sai na ji bakina ya ce, akwai gajiya, ranka ya daɗe, mai yawa ma, amma yanzu na san inda zan sauke ta.

Na buɗe jaka na zazzage makullan a kan tebur. Na kira malamai ɗaya bayan ɗaya na ba kowa na ajinsa. Na get da na sito na danƙa wa Mataimakiyata, sauran na raba wa masu kula da ɗakunan, na bar wa kaina na ofis kaɗai. Na gaya masa daga yau bakwai da rabi zan riƙa zuwa, in tashi tare da yara, kuma ranar da jikina ya ce a'a zan saurare shi. Na ce in makarantar da ke tafiya ko ba na nan laifi ce, to laifina ne, ni na gina ta haka.

Dattijon ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce shekara talatin yana yi wa mutane wannan gaisuwa, yau ce rana ta farko da aka ba shi amsa. Ya ce shugabar da ta raini mutanen da za a miƙa wa makulli ba a yi mata gaggawar ritaya. Takarda ta iso jiya, ina nan daram a kujerata.

Ban warke sarai ba, kada ki ɗauka haka. Akwai ranakun da nake jan jiki. Amma jiya na tashi da safe na ji cewa na yi barci, na zauna bakin gado ina murna ni kaɗai. Jakata kuwa ta yi sakayau, har nakan laluba in ji ko na yar da wani abu.

Saura magana ɗaya. Na sake karanta wasiƙarki ta ƙarshe. Kin lissafa aikin ofis, da karatun da kike zuwa Asabar da Lahadi, da zazzaɓin yara, da baƙin da suka yi mako biyu a gidanki, sannan kika rufe da cewa komai lafiya, ba gajiya. Na gane rubutun nan, Uwata. A wurina kika koya, kuma kin iya har kin fi ni. Duk abin da na koya miki ina alfahari da shi, ban da wannan.

Don haka ki zauna, ki ajiye abin da ke hannunki. Ina gajiya, 'yata? Ba gaishe ki nake yi ba, tambayarki nake yi, kuma ina jiran amsa.

Ki gaida maigida, ki sumbatar mini yara.

Mamanki,
Ƙararrawa mai makulli ɗaya