Akwatin Froilán

Alhamis, 6 ga Yuni
Ruwa tun asuba, sanyi har cikin ƙashi. Doña Ermelinda mai kula da zauren unguwa ta tare ni a bakin coci, wai in sa sunana a rabon akwatin kayan lambu. "Don Beli, araha ne kamar kyauta. Dubi wuyanka fa, kamar na zakaran da aka fige." Na ce ta dubi nata. Abin da ƙanena Froilán ya ƙirƙiro ba zai shiga tukunyata ba, yana raye ko yana kwance a bayan coci. 'Yata Nélida ce ta koya mini rubutun nan da tsufana, ta ce in riƙa rubuta abin da na ci. Yau burodi da shayi.

Asabar, 8 ga Yuni
Nélida ta bugo waya daga birni. In ta zo ƙarshen watan gobe ta tarar na ƙara ramewa, za ta kulle gidan ta tafi da ni. "Baba, ba shawararka nake nema ba." A tsibirin nan aka haife ni. Ba zan mutu a saman bene ba.

Alhamis, 13 ga Yuni
Da tsakar rana na je ɗebo itace, na dawo na tarar da akwati a bakin ƙofa. Kabeji, karas, tuffa, a ƙasa kuma baƙin dankali. Irin na Innarmu. Ranar da aka binne ta Froilán ya kwashe irin kaf, ko ƙwaya bai bar mini ba, ni kuma na riƙe fartanyar Babanmu. Shekara talatin da ɗaya ko gaisuwa. Da ya mutu a watan Afrilu ban je ba, kuma ban yi nadama ba.
A jikin katakon an ƙona harafin F. Taɓo ne ko'ina a tsakar gida, amma sawuna kaɗai na gani. Karena Tizón yana ta kaɗa wa ƙofar shinge wutsiya, ba kowa a wurin.

Juma'a, 14 ga Yuni
Na juye wa alade kayan, na kai wa Ermelinda akwatinta, na ce ba na son sadaka. Ta ƙura wa harafin ido. Ta nuna mini kantar da ake kife akwatin wanda ya mutu, wurin na Froilán wayam. Ta yi alamar gicciye. "Ba mai kawo mana baƙin dankali, gonarsa ta zama ciyawa. Kuma fanko ka dawo da shi? Ka san ba a yin haka, ko ƙwai ɗaya ne ana sakawa." Na ce ai ya ci nasa tun tuni. A gabana ta kife shi.

Asabar, 15 ga Yuni
Alade ya cinye komai, ya bar dankalin.

Alhamis, 20 ga Yuni
Akwatin ya dawo. Wannan karon a cikin zauren gidana, kuma ni na rufe ƙofar da hannuna. Ƙasar jikin dankalin da danshinta, kamar yanzu aka tono. Na mayar fanko. Ermelinda ta ƙi taɓa shi.

Alhamis, 27 ga Yuni
A kan teburin cin abinci. Ina juya itace a murhu, na waiwaya, ga shi. An ja kujerar da ke fuskantar tawa baya kaɗan. Na ce, "Kai ɓarawon iri, me kake nema?" Ruwa kawai ke dukan kwano. Tizón ya je ya kwantar da kai a gefen kujerar, yadda yake yi in ana shafa shi.
Yunwa nake ji, gaskiya. Amma ban taɓa kayan ba.

Laraba, 3 ga Yuli
Yana nan kan tebur. Duk inda na zauna sai in ga gefen da harafin yake ne ke kallona. Gobe Alhamis. Bayan tebur sai gado.

Alhamis, 4 ga Yuli
Da safe na kwashe kayan na zuba a kwando. Na sauko da fartanyar daga rufi, na goge tsatsar, na ɗora cikin akwatin, na ajiye a ƙofar shinge. Dama ta yi mini nauyi. Na shiga ɗora ruwa, na fito, babu akwati babu fartanya.
Na dafa dankali biyu. Ɗanɗanon na Inna.

Alhamis, 11 ga Yuli
Bai zo ba. Na zauna a bakin ƙofa har la'asar, iska kawai nake sha. Daga baya hanya ta bi da ni ta zauren unguwa, ƙwai uku a aljihuna. Ermelinda ta ce, "Wane harafi za a ƙona maka, tsohon zakara?" Na ce kada a ɓata katako, ga na Froilán can ya koma kan kantar a kife. Ta juya shi da kanta.
Yau miyar kabeji, na ƙara. Na ware dankali shida masu tsiro, sai dai in ari fartanya. Kujerar ban mayar da ita ba tukuna.