Zukatan da ke Bayan Baba

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, gwanin da ya iya mayar da fitilun titi taurari,

"Matsa kaɗan, gimbiya, kina tare mini haske." Abin da ka faɗa mini ke nan yanzun nan, ko ɗago kai ba ka yi ba, na kuwa matsa. Ga ni a ƙarshen teburin shagonka, tsakanin reza da guntayen baƙin kwali, ina rubuta wa mijina wasiƙa alhali in na miƙa hannu zan taɓa shi. Kana ta ba ni labarin wani sabon zoben kyamara da aka kawo maka. Ci gaba, masoyi. Muryarka ruwan sama ce a kan kwano, ko ban bi ma'anarta ba tana sa ni lumshe ido.

Ka tuna ranar da ka fara nuna mini sihirin? Ka tsinto tsohon gilashin kyamara a wurin mai sayar da tarkace, gilashin da ya girme mu duka, ka ɗaura shi a bakin sabuwar kyamararka da zoben ƙarfe, tunda ba a yi su domin juna ba. Ka yanka kwali, ka huda siffar zuciya a tsakiyarsa, ka manna a gaban gilashin da salatif. Ka tsayar da ni a bakin titi da magariba. Da ka juyo mini da hoton, ga fuskata tar kamar farin wata, kowace fitilar mota a bayana kuwa ta narke ta zama zuciya. Wayyo ni! Ni da na yi shekaru a jami'a ina koyon kada in yarda da abin da ban gwada ba, sai ga kwalin takalmi ya sace ni tsaye. A ranar ka ce mini tsohon gilashi ba ya saita kansa, yatsunka ne ke murza shi su zaɓi abin da zai fito sarai. Na riƙe wannan magana, ya furen raina, fiye da yadda za ka so.

Daga baya ka gano cewa in ka jawo saitin kusa da kai, siffofin baya sun fi kumbura. Suka riƙa girma kamar kabewa a damina, ni kuma ina dusashewa a gabansu. Ban yi ƙorafi ba. Ina mace mai digiri za ta yi kishi da kwali?

Sai ranar Baba. Ka san yadda ciwo ya cinye shi. Ya sa aka fito da shi baranda, ya ɗora hularsa, ya ce surukinsa ya ɗauke shi da 'yarsa tun yana iya zama. Baba, wanda duk tsawon rayuwarsa yake guje wa hoto! Rana tana ratsa ganyen bishiyar da ke bayanmu, tana watsa ɗigo-ɗigon haske. Ya riƙe hannuna, ya miƙe wuya da sauran ƙarfinsa. Na ga yatsunka suna murzawa a hankali, na ɗauka fuskarsa kake nema.

Bayan rasuwarsa Mama ta tambayi hoton, ka wanko mata shi babba. Zukata ne na zinariya, birjik, kowace da gefenta tsaf kamar an yanka da wuƙa. A gabansu ga inuwa biyu dishi-dishi, ɗaya da hula. Mama ta cire tabarau ta goge, ta sake gogewa, tana zaton idonta ne. Kai kuwa, cikin tausayi na gaskiya, ka ce ai bayan ya yi kyau. Ya yi kyau, wallahi! Ban taɓa ganin hoton da ya kai shi kyau ba, ban kuma iya kallonsa sau biyu.

Yaya zan yi da kai, ya raɓar safiyata? Da mugu ne kai da na huta. Da wata ka hango ta bayan kafaɗata, da na san da wa zan yi faɗa. Amma wa ke faɗa da hasken rana a cikin ganye? Ina son ka kamar yadda busasshiyar ƙasa ke son hadari, ko da ya wuce ta ya zuba a gaba. Sai dai ina tsoron ranar da za ka nemi fuskata, ka tarar ba ka ajiye ko ɗaya ba.

Zan tafi wurin Mama. Na ɗauki kwalin zuciyar nan na farko, yana cikin jakata. Abu ɗaya nake roƙo: ka zo, hannu rabbana, babu kyamara, ka zauna a kujerar Baba ka dube ni har in gaji. Zan jira ka. Ba zan buɗe wa wani zuciyata ba, ko da gashina ya yi fari a barandar nan.

Taka har numfashin ƙarshe, ko sarai ko dishi-dishi,
Gimbiyarka

Ga shi na miƙe, har yanzu kana kan labarin zobe. In ka ji ƙofa ta rufu, ni ce. Haske duk naka ne.