Sai Mun Tsaya a Figil

Zuwa ga amaryata, Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ƙafar, ya mutanen Kano? Mu nan Garuwa lafiya lau, sai kewarki.

Jiya muka zauna da Kawu Sale kan tafiyar bikin Maruwa. Wai shi ba zai tsayar da mota ba sai don sallah. Na ce ni ba zan wuce da amaryata kamar buhun auduga ba. Da ƙyar ya yarda mu fara leƙa bakin kogin Binuwai ki gaisa da dorina, tunda tafiyarku iri ɗaya ce. Daga nan mu ci kifin tafkin Lagdo a garin Pitowa, da haƙoranki biyun nan.

Sai ga saƙonki, wai kin tsufa, ba za ki zo ba. Haba Kaka! Ai Figil ce babbar tsayawar. Baba ya rasu bai nuna mana gidan da kika haife shi a can ba, Kawu kuma ya manta ƙofar. In ba ke ba, wa zai nuna mana?

Ki sa mu a addu'a, ki gai da Inna Hauwa.

Angonki,
Bala