Neman Inna a Rajistar Masu Gudun Hijira

Talata Mafara, Lahadi.

Zuwa ga Yaya Mardiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya Sakkwato, ya zafi?

Yaya, har yau babu labarin Inna. Mako uku ke nan tun da aka tashi mutanen ƙauyenmu Dosara, ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. Abin da ke cin raina, ni na haɗa wa ƙungiyar agajin nan rumbun bayanan masu gudun hijira. Duk wanda aka rubuta a Maradun, Bakura ko nan Mafara yana cikin kwamfutata. Kullum sai na buga "Asma'u Mas'udu Dosara" ya fi sau ashirin, allo ya ce babu.

Da farko binciken yana kawo duk mai kalma ɗaya daga cikin ukun, sai ya zubo mini Asma'u ɗari huɗu. Haushi ya sa na ɗaure shi, sai wanda ya cika kalmomin duka zai fito. Na je Maradun sau biyu a babur, ciwon baya kawai na samo. Ki dage da addu'a.

Ƙanenki,
Faisal.

Talata Mafara, Alhamis.

Yaya Mardiya,

Sallama da fatan kun tashi lafiya. Na same ta!

Ɗazu wata tsohuwa ta zo rajista. Aka tambaye ta sunan mijinta, ta ja mayafi ta rufe fuska. Nan take na tuna da Inna. Yaya, kin taɓa jin Inna ta kama sunan Baba? Ni da dogon karatuna na ɗora wa kwamfuta neman "Mas'udu", sunan da ba zai taɓa fitowa daga bakinta ba.

Na kwance binciken, yanzu yana jero mafi dacewa a sama ko da kalma ɗaya ta ɓace. Layin farko: Asma'u Dosara, a sansanin wata firamare a Bakura. Kwana goma sha tara tana can, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Kunya ta ishe ni, don ban san mutum nawa na sallama da "babu" ba. Gobe zan bi su ɗaya-ɗaya.

A gurbin sunan miji, ma'aikaciyar da ta yi mata rajista ta rubuta "ta ƙi faɗa". Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Baba, Yaya.

Ina tasha yanzu, mota ta kusa cika. Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Faisal.