"Da Sauƙi" Tara da Na Faɗa Miki

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda yake riƙe da mu a nan, yake kuma riƙe da ku a can. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da ɗan baƙon da muke jira. Allah ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya sauke ki lafiya idan lokaci ya yi. Mama tana nan, in ban da ciwon gwiwar da kika sani, wanda ba ya hana ta faɗa da mai kawo ruwa. Ni kuma yau wata uku da kwana tara ke nan da fara aiki a ɗakin gwaji na asibiti. Tsayuwa ce daga safe har yamma a gaban kwalaben jini, kuma har yanzu Oga ba ya bari in sa hannu a kan sakamako sai ya sake dubawa. Ban ga laifinsa ba, ni ma sau uku nake dubawa kafin in miƙa masa.

Na aiko wasiƙar ta hannun maigidanki, na roƙe shi ya zauna kusa da ke yayin da kike karantawa. Idan a tsaye kike, don Allah ki zauna. Ba a yi rasuwa ba, na fara da wannan don kada zuciyarki ta riga idonki. Amma Baba ba shi da lafiya, kuma abin ya wuce zazzaɓi da kumburin ƙafa da aka gaya miki. Mako bakwai da suka wuce aka gwada jininsa. Ba ni na yi gwajin ba, ba a yarda mutum ya gwada jinin danginsa ba, amma na iya karanta takardar, abin da aka tura ni makaranta shekara biyar in koya ke nan. Ƙodarsa ce. Hawan jinin da ya daɗe yana wasa da maganinsa ya cinye ta, saura kashi goma sha huɗu cikin ɗari take aiki. An maimaita gwajin bayan mako huɗu, ya koma goma sha biyu. Likita ya ce a shirya wa wankin ƙoda, bai kuma yi mana alkawarin shekaru ba. Baba yana tafiya da ƙafarsa, yana ci kaɗan, amma ya bar taɓa zarto da randa, zama kawai yake yi a bakin shagonsa na kafinta yana kallon katako.

A ranar farko, a kan bencin da ke ƙofar ɗakin likita, ya riƙe hannuna ya ce in yi masa alkawari ba zan gaya miki ba sai kin haihu. Ya ce ya ga ɓarin da ya same ki sau biyu, ba zai yarda labarinsa ya zama sanadin na uku ba. Na yi alkawarin, Yaya. Da bakina na ce ba zan faɗa ba. Tun daga ranar kin kira ni a waya sau tara, sau tara kin tambaye ni jikin Baba, sau tara na ce miki da sauƙi. Ina ƙirgawa ne domin kowace ɗaya sai ta hana ni cin abincin ranar.

Na kai wa Mama damuwata, ta yi dariyar gajiya, ta ce bokona ya yi yawa, har gaisuwa sai na sa ta a na'ura na auna. Ta ce da sauƙi ba labari ba ne, addu'a ce, kuma ko ranar da Kaka ta cika, da safe an tambaye ta jiki ta ce da sauƙi, ba wanda ya kira ta maƙaryaciya. Na yarda da Mama a kan maƙwabta. Wanda ya leƙo ya ce ya mai jiki, ya san amsar tun kafin ya tambaya, ba abin da zai fasa ko ya ɗaura a kanta. Amma a kira na bakwai kin ce mini tun da da sauƙi, bari ki fasa zuwan da kika shirya, ki bari sai bayan haihuwa ki zo da jariri gaba ɗaya. A nan kalmar ta tashi daga addu'a. Kin ɗauke ta labari, kin yanke shawara a kanta, ni kuma na bar ki a haka. Bayan haka ma na ƙara faɗa miki sau biyu.

Kin san halina, sai na ɗauki Littafi Mai Tsarki da biro da takarda, na ja layi a tsakiya. A gefe ɗaya na rubuta umarnin girmama uwa da uba, da ayoyin da suka ce mutum ya cika abin da bakinsa ya furta. A ɗaya gefen na rubuta maganar Ubangiji a Matta sura biyar, cewa i ɗinmu ya zama i, a'a ya zama a'a, da ta Afisawa a kan faɗa wa juna gaskiya domin mu gaɓoɓin juna ne. Na zaci gefe ɗaya zai rinjaya kamar yadda sakamako yake fitowa a wurin aiki. Kowanne ya cika har ƙasan takarda, ban samu komai ba sai ciwon kai. Na je wurin Fasto a ofishinsa ranar Laraba, ya karanta takardar tawa yana murmushi, ya ce ai ba ƙwallo ayoyin suke bugawa ba da za a ga wanda ya ci. Bai ce in faɗa ba, bai ce in yi shiru ba. Ya ce in karanta farkon sura arba'in da takwas ta Farawa, kuma duk abin da zan yi, kada in yi shi a bayan idon Baba.

A wurin an rubuta cewa aka gaya wa Yusufu mahaifinsa ba shi da lafiya, sai ya kwashi 'ya'yansa biyu ya tafi wurinsa. Ba a ambaci sunan wanda ya kai labarin ba, ba a kuma ce Yakubu ne ya aike shi ba. Na karanta har sau huɗu in tabbata. Da wannan mutumin ya ce da sauƙi, da albarkar da Yakubu ya sa wa yaran nan ba ta samu ba.

Ranar Lahadi bayan sujada na sami Baba a shago, na durƙusa na gaya masa zan karya alkawarin da na yi, ina neman gafararsa tun kafin in karya. Ya ce shekara ashirin yana dattijon ikilisiya, yana karanta Littafin nan tun ba a san za a haife ni ba, kuma a Galatiyawa sura shida an ce kowa ya ɗauki kayansa, to wannan kayansa ne. Na ce masa gaskiya ne, aya ta biyar ce, amma aya ta biyu a surar nan ta ce mu ɗauki nauyin juna. Ya ce wato yanzu lambar aya zan koya masa. Na kawo masa maganar Yusufu, ya dube ni ya ce Yusufu dai ba shi da cikin wata shida. Har Mama da ke bakin ƙofa sai da ta yi dariya, sannan ta share ido. Sai ya tambaye ni, idan kika karanta wannan takarda wani abu ya sami jaririn, ni zan iya ɗauka? Abin da na iya ce masa kawai shi ne ke ba yarinya ba ce, mahaifinki ne kamar yadda yake nawa, kuma ban da ikon zaɓa miki abin da za ki yi kuka a kansa daga baya.

Ga lissafin da ya sa ban ƙara jira ba. Ke da kanki kika ce mini likitarki ta hana doguwar tafiya daga mako talatin da biyu. A ƙidayata yau kina mako ashirin da shida, takardar nan kuma za ta ci kamar mako guda a hanya. Saura mako biyar ke nan. Ban ce ki taso ba. Ki fara kai wa likitarki maganar, ki gaya mata tsawon hanyar da yanayin motar, in ta ce a'a, to a'a ce, ba wanda zai ga laifinki, Baba ma zai fi kowa murna. In haka ta faru sai ki riƙa kiransa kina sane, ku yi maganar da ya kamata ku yi. In ta yarda, kada ki taho ke kaɗai, ku yada zango a hanya, ki riƙo katin awonki. Ni dai na gaji da zama tsakaninku ina tace magana. Ki yafe mini taran nan, musamman uku na ƙarshe.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce masa na gode da ya karɓi wannan aiki mara daɗi, ya kuma daina ce mini 'yar makaranta, na gama. Ki gaida surukarki da ƙanwar mijinki mai ɗinki, da matar fastonku da take raka ki awo. Mama tana gaishe ki, ta ce ki ci abinci ko ba ki jin ci. Kawu da Gwaggo Ƙarama suna gaisuwa, su ma jiya suka ji.

Baba bai ce in gaishe ki ba, ba zan sa masa magana a baki ba. Tun Lahadi bai kira ni Auta ba, sai dai ya ce wa Mama ta gaya wa malamar gwaji kaza. Bai ce ya yafe ba, bai kuma hana ni takarda da biro ba. Amma jiya da hantsi ya sa aka kwashe katakon da ya tara a tsohon ɗakinki aka mayar shago, aka share, aka buɗe taga. Ya ce wa Mama wai gara ce ta shiga katakon. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, guda ashirin da uku ne, babu gara ko a ɗaya.

Ubangiji ya tsare ki, ya tsare abin da kike ɗauke da shi.

Ƙanwarki,
Auta